Yadda Na Ari Zuciyar Mai Burodi

Wallahi ko rantsuwa goma na jera maka, ba za ka yarda da wannan labarin ba. Ni kaina da wani ne ya ba ni, cewa zan yi ya ƙara gishiri. Amma shaidu suna nan da ransu, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke ƙaunata a yanzu, saboda haka ba za su rufa min asiri ba.

Janareta ake ce min a layinmu. Ni na ɗauka saboda ƙarfi ne, matata ta ce saboda ƙara ce. Walda nake yi a shagon da mahaifinmu ya bari. Makaranta kuwa a aji uku na sakandare muka rabu, ranar da na shafa wa kujerar shugaban makaranta gam. Ba korata aka yi ba, kada ka ji ana faɗa. Cewa aka yi in je gida in jira wasiƙa, kuma har yau ina jira.

Bara taifod ta kama ni. Na raina ta, na yi ta haɗiyar ƙwayoyin kanti ina zuwa aiki, har hanjina ya huje. Sau biyu aka shiga da ni ɗakin tiyata. Kwana arba'in da bakwai ina kwance ina kallon silin, har na haddace duk inda ya tsage. Na shiga asibiti da kilo tamanin da biyu, na fito da hamsin da huɗu. Ranar da aka dawo da ni gida, mai shayin bakin layi ya leƙo cikin mota ya ce, "Janareta, ina injin? Igiyar kawai aka sallamo?"

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar masifar ita ce Yaya. Shi ne babba a kan abin da mahaifinmu ya bari, sai ya garƙame shagon ya jefa makulli a aljihu.

"Auta, ba za ka sake taɓa ƙarfe ba sai na ga takarda da sa hannun Likita," in ji shi. "Kuma akwai wani mai aski da ya dame ni yana son wurin. Ƙarshen wata na ba ka. In babu takarda, mai aski zai shiga."

Mai aski! A wurin da na ƙera ƙofofin rabin garin nan, a ce ana share gashin mutane da tsintsiya.

Washegari na garzaya wurin Likita. Ya latsa cikina, ya duba ɗinkin, ya ce kada in kuskura in ɗaga abin da ya wuce kilo biyar. Sannan ya ce a bayan asibitin akwai filin wasa, akwai wata Koci da ke horar da mutane don wata gasa da ake haɗa iyo da tseren keke da gudu duk a rana ɗaya. Ya faɗi sunan gasar, harshena ya ƙi ɗauka. Ni dai wahala uku nake ce mata.

"Ba gasar nake so ka shiga ba," ya ce yana rubutu. "Tsarin horon nake so. Mataki uku gare ta. Ka kai mata wannan takardar, a mataki na ɗaya za ta sa ka, mako goma sha biyu. In ka kawo min rahoton da ya nuna jikinka ya dawo, sai in sa hannu."

"Likita, mako uku ya rage min."

"Hanjinka bai san kalanda ba."

A filin na tarar da 'yan mataki na ɗaya. Tsofaffi ne da masu sanda da masu tumbi, suna zagaye fili a hankali kamar masu neman allurar da ta faɗi, kowa da gorar ruwa a hannu. A kan gaba kuwa gwaggona ce, wadda aka yi wa aikin gwiwa. Ta hango ni daga nesa ta ɗaga hannu.

"Auta! Zo nan kusa da ni, in ka gaji ka dafa ni!"

Nan take na ninke takardar Likita na cusa ta cikin safa.

Koci doguwar mace ce, da usur a wuya, kuma na tabbata tunda aka haife ta ba ta taɓa dariya ba. Ta zaunar da ni a benci ta yi min bayani. Mataki na ɗaya a gaban idonta ake yinsa: tafiya minti ashirin, keken da ba ya zuwa ko'ina, sai wasa da ruwa iya ƙugu. Na biyu na masu awa biyar ne a mako. Na uku awa goma sha biyu a mako, kuma su ba ta bin su. Agogo take ba su, yana ƙirga bugun zuciya da nisa da hanyar da aka bi, duk Asabar su kawo ta duba.

Sai lissafi ya zo min, irin wanda malamaina suka kasa gano ina da shi. In mataki na ɗaya mako goma sha biyu ne, to na uku ai raba shi uku za a yi, mako huɗu ke nan. In na ƙara ƙwazo, uku.

Ta ɗauko fom da biro.

"Ka yi wata rashin lafiya a cikin shekarar nan?"

"Mura."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Wannan ramar fa?"

"Da gangan na yi ta, don kada iska ta riƙa tare ni."

"Ka iya iyo?"

"Kafin in iya tafiya."

"Mita nawa kake yi ba tsayawa?"

"Ya danganta da inda ruwan ya ƙare."

"Waccan tsohuwar da ke ta kiranka fa?"

"Masoya ne, Koci. Haka suke min duk inda na je."

Ta ajiye biron. "Malam, mataki na uku ba wurin wasa ba ne. Mutane sun fi ka jiki sun koma na biyu suna kuka."

"Da akwai na huɗu, da shi zan ɗauka."

Ta ɗaura min baƙin agogo a hannu, sai da ta kai ramin ƙarshe na madaurin kafin ya kama. Ta ce, "Zan gwada ka. Agogo ba ya ƙarya."

Da yamma na bi ta gidan Gwaggo na shaida mata awon ƙofar filin na je yi, za a ba ni kwangila. A gida kuma na ce wa matata mataki na ɗaya aka sa ni, har ta yi min addu'a. A bakin layi ne kaɗai na faɗi gaskiya, na ce na uku, kuma can ne ba a yarda ba.

Ranar Litinin takardar Koci ta ce gudun kilomita takwas. Na sa gajeren wando, na tsaya a ƙofar gida ina miƙe-miƙe har sai da na tabbatar maƙwabta sun gani, sannan na ɗiba a guje. Na wuce gida ɗaya, na wuce na biyu. A na huɗu duniya ta fara juyawa. Na rungume falwaya kamar ɗan'uwan da ya dawo daga doguwar tafiya.

"Janareta, mai ya ƙare ne?" in ji mai shayi.

"Waldar jikinta nake dubawa. Aikin banza aka yi."

"Ta siminti ce fa."

Ranar Talata iyo. Na nemi wani wurin iyo can nesa da idon Koci, na shiga da rigata don kada a ga ɗinki. Ƙafata na zamewa na ji ni a ƙasa. Na sha, na ƙara sha, na yi ta dukan ruwa ina kiran sunan duk wanda na sani. Mai kula da wurin ya zo ya tsaya a kaina, hannu a aljihu, ya ce, "Malam, miƙe tsaye." Na miƙe. Ruwan iya cibiyata.

Ranar Laraba keke. Shi ko hawa ban yi ba. Ina ɗaga ƙafa zan haye, ɗinkin ya gaishe ni, na mayar wa mai keke da abinsa. Allah ya taimake ni, duk kwana ukun nan ban san inda ake danna agogon ya fara aiki ba, don haka bai rubuta komai ba.

Ina kwance da rana, matata tana shafa min man zafi a ƙafa, tana cewa, "Baban 'yan biyu, in tafiyar minti ashirin ce ta yi maka haka, a ce wa matar nan ta rage," sai maganar Koci ta dawo min. Agogo ba ya ƙarya, haka ne. Amma ai bai san hannun wa yake ba.

Na fara da Kawu Mai Burodi. Dattijo ne, shekara talatin yana raba burodi a kan keke, da akwati a baya wanda ya fi shi tsawo. Na tare shi da safe na rage murya.

"Kawu, sirri ne. Hukuma ce ta ba ni wannan na'urar. Duk ramin da ka shiga da keke tana rubutawa ta aika musu. Hanyar da ta fi ramuka ita za a fara gyarawa. Na duba duk garin nan ban ga wanda ya san ramuka kamarka ba."

Idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙo hannu ya ce, "Ɗan nan, shekara talatin ina jiran wannan ranar."

Daga ranar Kawu bai sake kauce wa rami ba. Har tudun bayan kasuwa, wanda ya daina hawa tun shekara biyar, ya koma hawansa kullum, wai kada a manta da mutanen sama.

Gudu kuwa na ba abokina kwandasta, wanda wuni yake yi yana tsere da motarsu yana kiran fasinja. Shi na ce masa wani kamfani ne ke neman kwandastan da ya fi kowa sauri, za a manna hotonsa a babban allo. Iyo na kai wa wani masunci a bakin kogi, na ce masa agogon yana fitar da wata ƙara da kifi ke so. Ni aikina shi ne kai agogo da karɓo agogo a bayan babur. Kuma kada ka raina, da gajiya.

Asabar ta farko Koci ta haɗa agogon da kwamfuta, ta ƙura mata ido.

"Ranar Alhamis ka yi gudun kilomita sittin a awa."

"Gangara ce."

"Kuma a lokacin zuciyarka hutawa take yi."

"Ta saba."

"In za ka shiga mota ka riƙa kashe shi. Me ya sa kake tsayawa a kowace tasha?"

"Gaisuwa, Koci. Ina da jama'a."

Ta kai agogon hanci ta sunsuna, ta yamutsa fuska. "A ina kake iyo?"

"A kogi. Ruwan wanka na yara ne."

"Ka yi minti biyu da rabi a ƙarƙashin ruwa."

"Tunani nake yi a can. Ya fi shiru."

Asabar ta biyu saura kaɗan in je hannu rabbana. Ashe ranar da masunci ya sake ɗaura agogon ya kama wani ƙaton kifi da bai taɓa kama irinsa ba, sai ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai cire ba. Na roƙa, na yi barazana, har ya ɗauko filafilin kwalekwale. Sai da na ce masa in agogon ya wuce kwana uku a hannu ɗaya juyawa yake yi ya riƙa korar kifi, sannan ya ɓalle shi ya wurgo min kamar garwashi.

A ranar Koci ta fi daɗewa a kan shafin keke.

"Kilomita arba'in kullum, har da hawan tudu. Ban yi zato ba. Amma me ya sa ba ka tafiya a miƙe? Layinka kamar na maciji."

"Ramuka nake bi. Suna ƙarfafa cinya."

"Bugun zuciyarka a keke yana wani tsalle-tsalle. Ina jin girgizar ce ke kwance agogon. In ya ci gaba, ka ga likita. Yanzu tashi ka zaga fili sau ɗaya in ga yadda kake taka ƙasa."

"Takardarki ta ce yau hutu. Ni ba na saɓa wa malamina."

Ta rubuta sunana a allon fili, na uku daga sama. Na ɗauki hoton allon na kai bakin layi. Mai shayi ya kalla, ya sake kalla, ya zuba min shayi har da madara biyu. Na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ina koya wa jama'a yadda ake numfashi a ƙarƙashin ruwa.

Da mako na uku ya cika na sa Koci ta buga min rahoton a takarda, wai zan sa a firam. Ranar Litinin na kai wa Kawu agogo da sassafe, na dawo na yi wanka na sa farar riga. Na ce wa matata ta shirya ta zo ta ga mijinta. Na kira Yaya na ce, "Ka taho da mota, kuma ka taho da makullin, kada mu yi tafiya biyu."

Muka shiga ofishin Likita mu uku. Na ajiye rahoton a teburinsa da yatsa biyu, na jingina da kujera. Ya buɗe shafin farko, ya gyara tabarau. Ya buɗe na biyu, ya cire tabarau.

"Wa ya sa ka a mataki na uku?"

"Na uku?" in ji matata.

"Ci gaba na yi ta samu, aka yi ta ɗaga ni."

Likita ya mayar da tabarau. Ya ɗauki waya ya kira lambar da ke saman takardar. Ko minti biyar ba a yi ba Koci ta turo ƙofa, usur yana lilo a wuyanta.

"Ta yaya za ki ɗora wa mutumin da aka yi wa tiyata sau biyu awa goma sha biyu a mako?" in ji Likita.

"Tiyata? Mura ya ce min!"

"Murar da aka yanke masa hanji taƙi guda. Ina takardar da na ba shi ya kawo miki?"

Duk suka juyo. Na ce, "An wanke ta da safa."

"Ina agogona?" in ji Koci.

"Yana caji."

Likita ya jera shafi uku a kan tebur, ya riƙa nuna su da biro. "A gudu, wannan zuciyar matashi ce, kuma yana shan sigari. A ruwa, wannan ban ma san ta mutum ce ko ta doki ba. A keke kuwa..." Ya tsaya. Muryarsa ta sauya. "Wannan ba girgizar hanya ba ce. Zuciya ce da ke tuntuɓe. Dubi nan, a wuri ɗaya kullum, a kan tudu. In taka ce, yau a nan za ka kwana. Gadonka na da yana nan."

"Wato, Likita, tawa ce, amma ba kullum ba."

Ya taso ya ɗora min abin sauraro a ƙirji. "Taka lafiyarta lau, tsoro ne kawai ke damunta. Malam Janareta, ba ni da lokacin wasa. Mai wannan zuciyar, in ya ci gaba da hawan tudun nan, wata rana zai faɗi bai tashi ba. Yana iya zama yau. Wane ne?"

Na dubi aljihun Yaya, ga shatin makullin nan ya fito ƙarara. Na dubi agogon bango, sha ɗaya saura kwata. Sha ɗaya daidai Kawu yake sauke burodi a wurin mai shayi, daga nan sai tudu. Na san haka, don ni na tsara masa. Ƙarya uku masu kyau suka zo min a bakin harshe, kowace za ta iya kai ni ƙarshen wata. Babu wadda za ta tsayar da keke.

"Kawu Mai Burodi ne."

Matata ta dafe ƙirji ta yi salati. Likita ya rubuta 'yar takarda ya miƙa wa Koci ya ce, "A kawo min shi yanzu. A mota, ba a keke ba." Yaya ya miƙe, ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Shiga mota."

Mun tarar da shi a gindin tudun, ya gama sauke wa mai shayi nasa, yana ɗaure akwati. Benci cike da mutane. Tun motar ba ta gama tsayawa ba na diro.

"Kawu, kada ka hau! Likita ya ce zuciyarka ba lafiya!"

Benci ya ɗauki dariya.

"Ɗan nan, ba kai ne ka ce min an hana hawan keke ranar Laraba ba, na wuni da akwati a ka?" in ji Kawu.

"Ni ma ya taɓa ce min an sa wa sukari doka," in ji mai shayi. "Kwana biyu ina ɓoye shi a ƙarƙashin tebur."

"Wallahi yau gaskiya nake faɗa!"

"Ranar ma da wallahi ka fara." Kawu ya ɗora ƙafa a kan feda. "Matsa min. Ramuka uku suka rage a can sama ban auna ba, hukuma na jira."

Na kama akwatin ta baya. Dattijon nan mai ciwon zuciya ya taka feda, ya ja ɗan mataki na uku a ƙasa har taku biyar, farar rigata ta share titi. Na saki, na zaga da rarrafe, na zauna dirshan a gaban tayarsa.

"Sai dai ka bi ta kaina."

"Ka fi ramukan da na saba shiga laushi."

Yaya ya zo ya kama ni ta wuyan riga, ya ɗaga ni da hannu ɗaya, abin da ya ƙara min baƙin ciki, ya tsayar da ni a kan bencin mai shayi.

"Faɗa musu duka. Da ƙarfi, yadda ka saba."

Na faɗa. Na ce agogon ba na hukuma ba ne, na Koci ne. Na ce ban taɓa yin gudun da ya wuce gida huɗu ba. Na ce a ruwa iya cibiya na nemi agaji. Na ce sunan da ke kan allo nawa ne, amma ƙafa da huhu da zuciya duk na aro ne. Ina tsakiyar bayani motar haya ta tsaya, abokina kwandasta ya maƙalo a ƙofa.

"Janareta! Yaushe za a manna hoton nawa? Na gaya wa budurwata fa!"

Wani ya ba shi labari a taƙaice. Ya ciro takalminsa ya jefo, ya same ni a kunne, motar ta ja, ya bi ta da ƙafa ɗaya ba takalmi, kuma ya cim mata.

Mai shayi ya ce, "Dawo min da madarata biyu."

Kawu dai har yanzu ƙafarsa na kan feda. Sai Koci ta matsa kusa da shi. Ban taɓa jin ta yi magana a hankali ba sai ranar.

"Baba, in ka kai tsakiyar tudun nan, ƙirjinka yana yin fat-fat kamar tsuntsu a keji?"

Kawu ya juyo ya dube ta.

"Kana ganin duhu-duhu? Hannun hagu yana yin nauyi?"

"Na ɗauka tsufa ne," ya ce.

Dariyar benci ta mutu. Kawu ya sauke ƙafarsa ƙasa. Ya daɗe yana kallon agogon da ke hannunsa, sannan ya ɗago ya dube ni a kan benci.

"To ramukan fa?"

"Babu wanda zai gyara su, Kawu."

Na ga an zage ni, na ga an mare ni, amma ban taɓa ganin kallo irin wannan ba. Ya ɓalle agogon ya ba Koci. Yaya ya buɗe masa ƙofar mota, sai Kawu ya ja ya tsaya.

"Ba inda za ni. Gida saba'in ke jiran burodi. Shekara talatin ban taɓa fashi ba, ba zan fara yau ba saboda wannan."

Kawai dai kowa ya juyo ya dube ni, har da masu wucewa.

Yaya ya ciro waya, ya ƙara mata murya don kowa ya ji. "Mai aski? Gobe ka kawo kujerunka. Wata uku. In ya sake yin wata ƙaryar, shekara."

"Yaya, ni fa na ceci ran mutum!"

"Kai ka tura shi kan tudun. Sauko ka ɗauki burodi."

Na juya wurin matata, ita ce gatana ta ƙarshe. "Maman 'yan biyu, gaya musu abin da Likita ya ce. Kada in ɗaga abin da ya wuce kilo biyar."

"Gaskiya ne," ta ce. Ta kwance ɗankwalinta na sama, ta shimfiɗa a tebur, ta ƙirga burodi goma ta ƙulle, ta ɗora min a ka. "Wannan bai kai ba. In ka raba, ka dawo ka ɗauki goma."

"Guda nawa ne a akwatin?"

"Ɗari da arba'in," in ji Kawu.

"Da ƙafa, a hankali, kana shan ruwa," in ji Koci. "Kullum, har ranar da Likita ya ce Baba ya koma bakin aiki." Ta kama hannuna ta ɗaura min agogon, ta ja madaurin har sai da na yi ƙara. "Kuma duk yamma zan zo in sunsuna shi."

Kawu ya shiga gaban mota. Har Yaya ya tayar, sai Kawu ya sauke gilashi ya yafito ni. Na matsa da ƙunshin burodi a ka, ina zaton yafiya ce ta zo.

"Ka fara da gida mai jar ƙofa a ƙarshen layi. Ba sa son a makara. Ka tura ƙofar ka shiga har ciki, ka ajiye a kan taga, sannan ka fito da gudu. Suna da kare."

"Kawu, ni fa ba a yarda in yi gudu ba tukuna."

"Ka gaya wa karen," ya ce, ya ɗaga gilashi.